Manhajar da Ke Ƙin Umarnin Mai Gida

Akwai wani ƙaramin abu da ke ba duk sabon shiga harkar rumbun bayanai mamaki. Mutum zai zauna gaban kwamfutar da ke aiki da Linux, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai, ya shiga da sunan root, wato asusun da babu ƙofar da ke rufe a gabansa a duk faɗin na'urar. Da wannan suna yana iya goge kowane fayil, ya leƙa wasiƙun kowa, ya kashe kwamfutar ɗungurungum. Sai ya umarci PostgreSQL, ɗaya daga cikin manyan manhajojin ajiyar bayanai na duniya, da ta tashi ta kama aiki. Sai ta ƙi. Takan rubuto masa 'yan layuka cewa ba a yarda root ya tayar da ita ba, ya je ya nemo asusun da ba shi da wani iko na musamman, don kada a yi amfani da ita a cuci na'urar.

Idan kuwa mutumin ya sauka daga karagar, ya shiga da asusun talaka wanda ko agogon kwamfutar ba shi da ikon gyarawa, sai komai ya tafi daidai. Zai kafa rumbu, ya tayar da shi, ya tsayar, ya sake tayarwa, bai nemi alfarmar kowa ba.

Da gangan aka yi haka. Gado ne na wata gardama da aka shafe sama da shekara hamsin ana tafkawa a kan wanda ya kamata ya riƙe makulli, da kuma yawan ɗakunan da makulli ɗaya ya kamata ya buɗe. Gardamar ta shafi har wanda bai taɓa ganin baƙin allo ba, domin kuɗinsa na banki, da katinsa na asibiti, da sakamakon jarrabawar 'ya'yansa, duk a irin waɗannan rumbuna suke kwana.

Kwamfuta ɗaya, hannaye da yawa

Matsalar ta faro ne daga ranar da mutane da yawa suka fara amfani da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. A 1961, a jami'ar MIT da ke Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka nuna wani tsari mai suna CTSS, wanda ke rarraba lokacin babbar kwamfutar IBM tsakanin masu bincike. Tun da kowa yana da fayilolinsa a wuri ɗaya, sai aka ba kowa kalmar sirri. Ba a daɗe ba aka sace su. Wani ɗalibin digiri na uku, Allan Scherr, wanda awa huɗu kacal aka ware masa a mako, ya gano cewa yana iya neman a buga masa kowane fayil a takarda idan ya san sunansa. Sai ya nemi a buga masa fayil ɗin kalmomin sirrin jama'a, aka kuwa buga masa. Shi da kansa ya tona asirin bayan shekaru masu yawa.

Abin lura a labarin Scherr shi ne bai fasa komai ba. Sashen da ke buga takardu yana da ikon karanta kowane fayil, shi kuma ya aike shi kawai. Ɗan aike ne mai riƙe da makullin dukan gida, wanda ba ya tambayar wanda ya aiko shi. Kusan duk abin da za mu gani nan gaba maimaicin wannan ne a sabuwar riga.

Bayan CTSS sai aka shiga babban aikin Multics, haɗin gwiwar MIT da kamfanin General Electric da ɗakin binciken Bell Labs. Multics ya ɗauki tsaro da muhimmanci ƙwarai, ya jera iko hawa-hawa kamar ganuwa cikin ganuwa. Amma aikin ya yi nauyi, ya yi jinkiri, har Bell Labs ya janye a 1969. A wannan shekarar ce biyu daga cikin ma'aikatansa, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka fara gina wani abu ƙarami mai sauƙi a kan wata tsohuwar na'urar PDP-7. Shi ne ya zama Unix, kakan Linux da macOS, kuma ta hanyar Linux, kakan Android ɗin da ke aljihun mai karatu.

Sauƙin da Unix ya zaɓa shi ne raba duniya gida biyu. Kowane mai amfani yana da lamba, kowane fayil yana da mai shi, kuma a jikin fayil an rubuta wanda zai iya karantawa, da wanda zai iya rubutawa, da wanda zai iya tayar da shi idan manhaja ce. Sai mutum ɗaya, mai lamba 0, wanda ba a duba wannan rubutu a kansa sam. Shi ne root. Babu waziri, babu galadima, babu hakimi: sarki ne da talakawa kawai. Ritchie bai ɓoye raunin wannan tsari ba. A wata gajeriyar maƙala kan tsaron Unix da aka riƙa haɗawa da littafin jagorarsa a shekarun 1970, ya amince cewa ba da tsaro a zuciya aka ƙera Unix ba, kuma samuwar mai iko a kan komai tabo ce ga kowane irin shirin kariya.

Shi ɗin ne kuma ya samo dabarar rage tabon. Ɗauki misalin mai son canza kalmar sirrinsa. Fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin na root ne, talaka ba ya iya rubutu a ciki, ga shi kuma ba zai yiwu a riƙa tada mai gida daga barci duk lokacin da wani ke son canji ba. Sai Ritchie ya ƙirƙiro wata alama da ake liƙa wa manhaja, mai suna setuid. Duk wanda ya tayar da manhajar da ke da wannan alama, to manhajar za ta yi aiki da ikon mai ita, ba da ikon wanda ya tayar da ita ba. Rigar aro ce: ka saka, ka yi aiki ɗaya tak da aka ɗinka ta dominsa, ka tuɓe. An nemi rajistar mallakar dabarar a 1973, aka bayar a 1979, sannan aka sake ta ga kowa kyauta.

A 1975 wasu malaman MIT biyu da suka yi aikin Multics, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka wallafa maƙalar da har yau ake karantar da ita a darasin tsaron kwamfuta. Sun jera ƙa'idoji takwas, amma wadda ta fi shahara ita ce ta mafi ƙarancin iko: kowace manhaja da kowane mutum su yi aiki da ikon da aikin ke buƙata kawai, ban da ƙari. Dalilin farko da suka bayar ya fi ba ni sha'awa, domin ba ɓarawo suka fara ambata ba. Sun ce hakan na taƙaita ɓarnar da haɗari ko kuskure zai iya jawowa. Wato tun kafin a yi zancen maƙiyi, mutumin kirki mai gajiya a ido ma abin tsoro ne idan yana riƙe da dukan makullai.

Ma'aji ya samu sunansa

A daidai wannan lokaci wata ƙorama ta daban tana gudana. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tunanin a riƙa jera bayanai cikin jadawali masu layuka da ginshiƙai, waɗanda za a iya alaƙanta su da juna. Ƙungiyoyi biyu a jihar Kalifoniya suka ɗauki aikin mai da wannan tunani manhaja. Ɗaya a IBM ɗin kanta, a San Jose, da aikin System R, inda harshen SQL ya fito. Ɗayar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda Michael Stonebraker da Eugene Wong suka fara Ingres wajajen 1973.

Ingres a kan Unix aka gina shi, saboda haka dole ya amsa tambayar da Unix ke yi wa kowa: fayilolin nan na wane ne? Idan aka ce na kowa ne, to kowa zai iya buɗe su kai tsaye ya karanta albashin abokin aikinsa. Idan aka ce na root ne, to dole manhajar rumbun ta yi aiki da ikon root, kuma duk wata ɓaraka a jikinta ta zama ƙofar shiga dukan na'urar. Mafitar da suka bi ita ce ƙirƙirar wani asusu na musamman mai sunan manhajar, wanda shi ke da fayilolin rumbun, sannan manhajar ta riƙa sa rigarsa ta hanyar dabarar Ritchie. Mai tambaya ba ya taɓa fayil da hannunsa. Yana tsayawa a taga ya faɗi abin da yake so, ma'aji ya duba ko ya cancanta, ya miƙo masa.

A nan ne, a ganina, aka yi babban juyin, ko da yake ba a buga masa ganga ba. An raba mai gida da ma'aji. Ma'aji sarki ne a cikin rumbunsa, amma da ya fito tsakar gida talaka ne kamar kowa.

Mutanen System R kuwa sun ɓullo wa ɓangaren cikin rumbun. A 1976 Patricia Griffiths da Bradford Wade suka wallafa tsarin ba da izini da janye shi, wanda ya zama umarnin GRANT da REVOKE da ake amfani da su har gobe. Wanda ya ƙirƙiri jadawali shi ne mai shi. Yana iya ba wani izinin karantawa, yana iya ƙara masa da izinin shi ma ya ba wani. Wahalar tana wajen janyewa: idan na ba ka, ka ba wani, shi ma ya ba wani, sannan na janye nawa, me zai faru da sauran? Sun ce duk izinin da ya tsiro daga wanda aka janye shi ma ya faɗi, kuma suka yi amfani da lokacin da aka ba da kowane izini don gano asalinsa. Bayan shekara biyu Ronald Fagin, shi ma na IBM, ya gano gurbi a lissafin nasu ya gyara. Muhimmin abu shi ne tsarin bai buƙaci wani babba guda ɗaya da sai ya sa hannu ba.

Daga nan makullai suka zama iri biyu, kuma rashin bambance su shi ke rikita mutane har yau. Akwai makullin na'ura, wanda Unix ke dubawa, mai cewa wa zai tayar da manhaja, wa zai taɓa fayil. Akwai makullin rumbu, wanda manhajar rumbun ke dubawa, mai cewa wa zai karanta wane jadawali. Mutum na iya riƙe ɗaya babu ɗayan.

Kafin mu bar wannan zamani, sai an ambaci sudo, domin shi ne abin da yawancin mutane ke nufi idan sun ce ba su da izinin mai gudanarwa. Wajajen 1980, a Jami'ar Jihar New York da ke Buffalo, Bob Coggeshall da Cliff Spencer suka rubuta 'yar manhajar da ke bai wa amintaccen mutum damar yin umarni ɗaya da ikon root ba tare da an ba shi kalmar sirrin root ba. Todd Miller ya karɓi renonta tun 1994. Asalinta don rage iko aka yi ta, a ce wane yana iya yin kaza kawai. Sai dai a aikace ta koma wata kalmar tsafi da ake mannawa a gaban duk umarnin da ya ƙi ci. Kuma ita kanta rigar aro ce irin ta Ritchie, saboda haka ɓarakarta ɓarakar gida ce baki ɗaya. A watan Janairun 2021 masu binciken kamfanin Qualys suka bayyana wani kuskure a cikinta da ya kwanta tun 2011, wanda ke bai wa kowane mai asusu a na'ura damar zama root, ko da sunansa ba ya cikin jerin amintattu.

Abin da ke faruwa a bayan baƙin allo

Stonebraker ya koma Berkeley ya fara sabon aiki a 1986, ya sa masa suna Postgres, wato abin da ya biyo bayan Ingres. A tsakiyar shekarun 1990 ɗalibai biyu, Andrew Yu da Jolly Chen, suka koya masa harshen SQL, kuma a 1996 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka karɓe shi da sunan PostgreSQL. Sun gaji tunanin ma'aji mai asusun kansa, suka ƙara masa tsauri har ya kai ga ƙin da muka fara da shi.

Yana da kyau a bi abin daki-daki, domin a nan ake ganin yadda tarihin ya zauna a jikin manhajar. Mutum mai asusun talaka yana da jakar kansa a na'ura, inda yake da ikon rubutu. Umarni na farko shi ne initdb, wanda ke haƙa harsashin rumbu a duk jakar da aka nuna masa. Shi ma yana ƙin root. Yana rufe jakar yadda babu mai shiga sai mai ita, kuma idan daga baya wani ya sassauta kullen ya buɗe ta ga kowa, sabar ɗin za ta ƙi tashi har sai an gyara. Sannan yana naɗa babban mai iko na cikin rumbun, ya sa masa sunan asusun da ya ba da umarnin. Sunan postgres da aka saba gani al'ada ce kawai ta masu shirya manhajar don rabawa. Idan asusunka ne ya yi initdb, to kai ne ma'aji.

Umarni na biyu shi ne pg_ctl, wanda ya shigo da fitowa ta 7.0 a shekarar 2000, aikin Tatsuo Ishii na Japan. Da shi ake tayarwa da tsayarwa. Kuma a nan wani tsohon hukuncin Unix ya yi wa talaka rana. Kowace manhajar da ke sauraron baƙi ta hanyar sadarwa tana zama ne a wata ƙofa mai lamba, kuma tun zamanin Unix na Berkeley an keɓe ƙofofin da ke ƙasa da 1024 ga root. Shi ya sa sabar shafukan intanet, mai ƙofa ta 80, da ta wasiƙu, mai ƙofa ta 25, suka daɗe suna buƙatar hannun mai gida kafin su tashi. PostgreSQL a 5432 take zama, MySQL a 3306. Duk a unguwar talakawa suke. Idan ma wani ya riga ka kama 5432, sai ka matsa 5433, babu mai tambayarka.

Tsayarwa ta fi ban sha'awa. Lokacin da sabar ta tashi, takan rubuta lambar aikinta a wani ɗan fayil cikin jakar rumbun. Idan aka ce wa pg_ctl ya tsayar da ita, ba ya neman kalmar sirri, ba ya ma shiga rumbun. Yana karanta lambar ne kawai, ya roƙi zuciyar Unix ta isar da sigina. Ita kuma ƙa'idarta ɗaya ce: ba ka aika sigina sai ga aikin da yake naka, in ba root ba ne kai. Ashe ikon kashe rumbu ba a hannun PostgreSQL yake ba, yana hannun wannan doka da ta girme ta. Wanda ya tayar shi ke tsayarwa.

Siginar kuma iri uku ce, kamar yadda mai shago ke da hanya uku ta tashi. Yana iya rufe ƙofar shiga ya jira masu ciniki su gama su fita da kansu. Yana iya sallamar kowa nan take, ya soke cinikin da bai kammala ba, ya daidaita littafinsa, ya kulle. Ko kuma ya kashe fitila ya fice, gobe da safe a zauna a gyara lissafi daga kundin da ake rubuta kowane motsi a ciki. Shekaru da dama hanya ta farko ce pg_ctl ke bi idan ba a faɗa masa komai ba, sai aka ga mutum ɗaya da ya manta bai fita ba yana iya hana rufe shago har abada. Daga fitowa ta 9.5, a farkon 2016, aka mai da ta biyu ta zama ta yau da kullum.

Akwai wani shinge da ya daɗe yana mai da talaka ƙofar mai gida. PostgreSQL na buƙatar wani yanki na ƙwaƙwalwar na'ura da dukan sassanta za su yi tarayya a kai, kuma tsohuwar hanyar neman wannan yanki tana da iyaka da root kaɗai ke iya ɗagawa. A Linux iyakar ta daɗe a kan megabait 32, abin da bai kai cikin cokali ba ga rumbun kirki. Sai a fitowa ta 9.3, a 2013, aka canza hanyar, roƙon ya ƙare.

Waɗanda suka bi wata hanya

MySQL, wadda Michael Widenius da David Axmark da Allan Larsson suka kafa kamfaninta a Siwidin a 1995, ita ma tana ƙin tashi da sunan root, sai dai ta bar ƙofar baya: idan ka nace ka rubuta cewa da gangan kake, za ta yarda. Ta kuma jawo ruɗanin da har yau bai wanke ba, domin ta sa wa babban asusun cikin rumbunta suna root, alhali ba shi da dangantaka da root na na'ura. Shekaru masu yawa wannan asusu yana zuwa babu kalmar sirri, sai mai shi ya tuna ya saka. A nata tsarin ana iya tsayar da sabar daga cikin rumbu da umarnin mysqladmin, muddin an ba asusunka izinin tsayarwa, ko da ba ka da komai a na'urar.

Darasi mafi ɗaci daga ɓangaren Microsoft ya zo. SQL Server na da babban asusu mai suna sa, wanda sau da yawa ake barinsa babu kalmar sirri, yana da wani umarni mai suna xp_cmdshell da ke bai wa na cikin rumbu damar ba na'ura umarni, kuma an saba tayar da sabar da cikakken ikon Windows. Haɗa ukun nan ka ga abin da ya fito. A watan Mayun 2002 wata tsutsar kwamfuta mai suna Spida ta riƙa zagaya intanet tana ƙwanƙwasa ƙofa ta 1433. Inda ta tarar da sa babu kulle sai ta shiga, ta bi ta xp_cmdshell ta ɗaga wani asusun baƙo zuwa matsayin mai gudanarwa, ta kwashe bayanan kalmomin sirrin na'urar ta aika waje. Ɗan aiken Scherr ne ya dawo bayan shekara arba'in. Da SQL Server 2005 ta fito, xp_cmdshell a kashe yake zuwa.

A cikin wannan yanayi ne PostgreSQL ta isa Windows da fitowa ta 8.0 a watan Janairun 2005, ta kuma zo da taurin kanta: ba ta tashi a asusun mai gudanarwa. A duniyar da kusan kowa ke amfani da kwamfutarsa a matsayin mai gudanarwa, wannan ya jawo ƙorafi. Maslahar da aka samu a fitowa ta 8.2, a ƙarshen 2006, ta burge ni: an yarda mai gudanarwa ya ba da umarnin tashi, amma kafin sabar ta fara aiki sai ta tuɓe ikon da ta gada daga gare shi, ta yadda ba za ta iya mai da shi ba.

Abin da katangar ba ta tarewa

Kada a ɗauka an gama. Raba ma'aji da mai gida yana kare gida daga ma'aji, amma ba ya kare hatsin da ke cikin rumbu. Ga banki ko asibiti kuwa, hatsin shi ne dukiyar. Ɓarawon da ya zama ma'aji ba ya buƙatar zama root.

A 2019 an yi wata 'yar hatsaniya a kan haka. Tun 9.3 babban mai ikon cikin PostgreSQL yana iya sa sabar ta tayar da wata manhaja a na'ura, kusan irin abin da xp_cmdshell ke yi. Wasu masu bincike suka yi masa rajista a matsayin ɓaraka. Masu PostgreSQL suka ce ba ɓaraka ba ce, haka aka tsara, kuma an daɗe da rubuta cewa babban mai ikon rumbu daidai yake da asusun na'urar da rumbun ke gudana a kai. Ina ganin suna da gaskiya, kuma amsar tasu ita ce hujja mafi ƙarfi ta ƙin root: tun da an san na ciki zai iya leƙowa waje, gara ya leƙo a matsayin talaka. Amma masu sukar ma ba su yi ƙarya ba, domin dubban manhajoji suna shiga rumbunansu da babban asusu don kawai ya fi sauƙi.

Shi ya sa aikin shekarun baya-bayan nan ya koma cikin rumbun, ana farfasa sarautar ma'aji kamar yadda aka so a farfasa ta root. An ware izinin korar wanda ya maƙale a 2016, na sa ido kan lafiyar sabar a 2017, na karanta dukan bayanai ba tare da ikon canza su ba a 2021. A fitowa ta 15, a 2022, aka daina bai wa kowane mai shiga damar kafa jadawali a filin da kowa ke tarayya a kai, al'adar da ta shekara kusan ashirin. MySQL ma a fitowarta ta 8.0 ta fara rarraba babban izininta ƙanana-ƙanana.

Sai kuma kuskuren mutumin kirki, wanda Saltzer da Schroeder suka sa a gaba. A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun PostgreSQL na biyu, wanda ya daina bin sawun na farko. Ya yanke shawarar goge jakar na biyun don a sake cika ta. Allo biyu ne a gabansa, dare ya yi, ya rubuta umarnin a kan na farkon. Kafin ya farga ya tsayar, daga kusan gigabait 300 saura kimanin 4.5. Da aka juya ga ajiyar ko-ta-kwana, sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa shiru saboda manhajar kwafin ta 9.2 ce, rumbun kuma 9.6. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aka yi asarar abin da ya shiga a tsakani. Kamfanin ya wallafa labarin dalla-dalla, har ya nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube. Babu wata doka ta Unix da aka karya a daren. Mai izini ne ya goge abin da yake da izinin gogewa.

Juyi na ƙarshe ya zo ta inda Ritchie bai zata ba. A 2009 Amazon ya fara hayar da rumbunan bayanai da sunan RDS, da MySQL aka fara, PostgreSQL ta biyo a 2013, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu. A wannan ciniki kai ke biyan kuɗi, bayanan naka ne, amma ba a ba ka baƙin allon na'urar ko kaɗan. Babu initdb, babu pg_ctl. Idan kana son a sake tayar da sabar, sai ka aika wa kamfanin buƙata ta nasa layin umarnin, nasa tsarin izinin ya duba ko ka cancanta. Root yana nan, yana hannun ma'aikatan da ba za ka taɓa ganinsu ba, a wani gini da galibi ba a ƙasarka yake ba. Matsayi mafi girma da ake miƙa wa asusun mai haya ana kiransa rds_superuser. Yana iya kafa rumbuna, ya raba izini, ya kori masu shiga, amma ba ya iya taɓa fayil ko ɗaya a na'urar da bayanansa ke kwance a kai.